Inganta Birkin Tsohuwar Mota

Shirin faɗakarwa na yau ya ɗauko batun birkin tsohuwar mota, da yadda ake inganta shi har ya iya jure wa hanyoyin yau, waɗanda suka fi na zamanin da aka ƙera motar cunkoso da gudu da yawan kaya. Batu ne da ya shafi gidaje da yawa, domin akasarin motocin da ke ɗaukar mutane a ƙasar Hausa sun daɗe da barin masana'anta. Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, tana nan tana jigila tsakanin kasuwannin ƙauye, ita kuwa Golf 3 da ta cika tashoshi an ƙera ta ne a shekarun 1990, wato mafi ƙuruciya a cikin Golf ɗin ta kai shekara 25. Mai irin wannan mota yakan kashe kuɗi a kan inji da giya da fenti ba tare da jinkiri ba, saboda su ake gani, su ake ji, amma birki sai ya fara ƙara ko ya ƙi kamawa sannan ake tunawa da shi.

Aikin birki, ta fuskar kimiyya, shi ne mayar da ƙarfin tafiya ya zama zafi ta hanyar guga. Motar da ke gudu tana ɗauke da wani ƙarfi wanda ba ya ɓacewa haka kawai, kuma ƙarfin yana ƙaruwa daidai da nauyin motar, amma ta wajen gudu ninkuwa yake yi, ta yadda idan gudu ya ninka sau biyu, abin da birki zai cinye ya ninka sau huɗu. Saboda haka motar da ke iya tsayawa cikin kimanin mita 14 a gudun kilomita 50 cikin awa a kan busasshiyar kwalta za ta buƙaci kimanin mita 55 a gudun kilomita 100, ban da tazarar da take ci kafin direba ya ankara ya ɗora ƙafa, wadda a wannan gudu ta kai kusan mita 28 a kowane sakan. Mota mai nauyin kilo 1,200 da aka tsayar daga gudun kilomita 100 tana zuba wa birkinta, cikin sakan huɗu kacal, zafin da ya isa ya tafasa kusan lita ɗaya da rabi ta ruwa. Wannan ne ya sa duk maganar inganta birki take komawa ga abu biyu: yadda ƙarfin ƙafar direba zai isa ga ƙafafun mota bai ragu ba, da yadda zafin da aka tara zai fice kafin a sake takawa.

Ƙarfin ƙafar direba ta cikin mai yake tafiya. Idan aka taka feda, wata sanda tana tura fistin a cikin silindar da bakanikai ke kira masta, ita kuma ta matsa man birki ya bi siraran bututan ƙarfe, ya ratsa tiyon roba da ke lanƙwasa tare da ƙafar mota, har ya isa ga ƙananan fistin da ke kowace ƙafa. Tsarin ya dogara ne a kan ƙa'idar da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17, cewa duk matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yakan watsu daidai wa daida zuwa ko'ina a cikinsa. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska da tururi suna matsuwa, don haka 'yar iska kaɗan a cikin bututu ta isa ta sa feda ta yi taushi, ta nutse ƙasa kafin birki ya kama.

A ƙafar mota kuwa birki iri biyu ne. Na farko shi ne diram, wani ƙoƙon ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wanda a cikinsa akwai lanƙwasassun ƙarafa biyu da ake kira shu, an manna musu abin guga mai suna lainin, idan mai ya tura su sai su buɗe su dafe cikin ƙoƙon. Louis Renault ne ya fito da wannan siga a 1902, kuma ita ta mamaye motoci har fiye da shekara hamsin. Na biyu shi ne dis, wato faifan ƙarfe da ke juyawa a fili, wanda wata matsa da ake kira kalifa ke cije shi ta ɓangarori biyu da abin gugar da ake kira fad. Darajar dis ta fito fili ne a 1953, lokacin da motar Jaguar mai irin wannan birki ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, sannan a 1955 kamfanin Citroën ya sa shi a ƙafafun gaban motarsa DS da aka ƙera don kowa ya saya. Fifikon dis yana ga yadda yake mu'amala da zafi. Diram a rufe yake, yana riƙe zafi, kuma idan ya yi zafi sai ya buɗe ya yi nesa da shu, feda ta ƙara nisa, guga ta ragu, abin da ake iya kira gajiyar birki. Dis kuwa iska na kaɗa shi a kowane juyi, yana watsar da ruwa da sauri bayan an ratsa kududdufi, kuma kumburinsa na zafi wajen fad yake matsowa. Duk da haka diram yana da nasa amfanin, domin yana da arha, yana rufe ƙura a waje, juyawarsa tana taimaka wa shu wajen ƙara dafewa, kuma yana sauƙaƙa haɗa birkin hannu, shi ya sa har yau ake ƙera ƙananan motoci da diram a baya.

Kafin a yi maganar sauya wani abu, akwai gaskiyar da ya kamata mai mota ya riƙe, wato birkin da yake kuka da shi yau ba shi ne birkin da masana'anta ta sallamo ba. Injiniyoyin da suka tsara motar sun auna nauyinta da gudunta sun ba ta birkin da ya ishe ta, kuma wasu tsofaffin motocin ma an wadata su fiye da yadda ake zato, domin salun ɗin Fijo 504 na farko ya fito ne da dis a ƙafafunsa huɗu, wagon da a-kori-kura ne aka bar wa diram a baya. Abin da ya ragu cikin shekara ashirin ko talatin shi ne lafiyar kayan: mai ya sha danshi, roba ta tsufa, fistin ya yi tsatsa, dis ya sirance. Wanda ya ɗora manyan kaya a kan ruɓaɓɓen tsari ya yi asarar kuɗinsa, kuma a mafi yawan lokuta mayar da birki yadda yake tun asali yana ba da bambancin da ya fi duk wani ƙari da za a saya.

Man birki ne ya fi cancantar a fara da shi, saboda shi ne mafi arha, kuma shi aka fi mantawa. Man da akasarin motoci ke amfani da shi yana jan danshi daga iska a hankali, ta murfin tanki da ta jikin tiyo, kuma duk ruwan da ya shige shi yana rage ma'aunin zafin da yake iya ɗauka kafin ya tafasa. Lambobin da ake gani a jikin gwangwani, DOT 3 da DOT 4, ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka. Sabon DOT 3 dole ne ya jure digiri 205 a ma'aunin Selsiyos, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ake buƙata gare shi ya sauko zuwa digiri 140, shi kuwa DOT 4 yana farawa daga 230 ya sauko zuwa 155. Idan mai ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, feda ta faɗa ƙasa babu birki, bayan motar ta huce kuma birkin ya dawo kamar babu abin da ya faru, shi ya sa direbobi da yawa ba sa gane musabbabin abin da ya same su. Masu ƙera motoci da dama suna ba da shawarar a zubar da tsohon mai gaba ɗaya duk shekara biyu, a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, sannan a cire iska ƙafa bayan ƙafa, galibi daga wadda ta fi nisa da masta. Sauya DOT 3 da DOT 4 ingantawa ce ta gaskiya mai sauƙin kuɗi, amma a kula da DOT 5, wanda da sinadarin silikon aka yi shi, ba ya gauraya da sauran, sa'annan DOT 5.1, duk da kamancin lamba, dangin DOT 4 ne. Man inji ko man giya kuwa, idan ya shiga tsarin ko da kaɗan ne, yana kumbura duk robobin ciki, sai an sauya su baki ɗaya, in ban da wasu tsofaffin motocin Citroën da aka ƙera tun asali don wani koren mai nasu na daban.

Daga mai sai hanyar da yake bi. Motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, da yawansu sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin bututan ƙarfe daga waje, musamman a ƙarƙashin maƙalai da bayan tankin fetur inda ido ba ya kaiwa. Bututun da ya yi tsatsa yana iya riƙe mai a taka birki ta yau da kullum, ya fashe a ranar da aka taka da ƙarfi, wato ranar da aka fi buƙatarsa. Ba a yi masa walda, ba a ɗaure shi da roba, sauya shi ake yi da bututun da aka yi don birki. Tiyon roba kuma yana da wata cuta ɓoyayyiya: yakan kumbura ta ciki ya bar mai ya wuce amma ya hana shi komawa, sai ƙafa ɗaya ta riƙe, ta yi zafi, mota ta riƙa ja gefe guda, mai ita ya yi ta sauya fad bai san inda matsalar take ba. Akwai tiyo mai saƙar waya a jiki wanda ba ya kumbura idan an matsa, yana sa feda ta yi tauri ta ba direba tabbaci, sai dai ba ya rage tazarar tsayawa, kuma sabon tiyon roba mai kyau ya ishi motar gida.

Fad da shu su ne ke cinyewa, kuma a nan ne arha ta fi cutar da mutane. A manyan kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun kaya daraja-daraja, kuma ido ba ya bambance fad mai kyau da marar kyau, sai zafi ne ke bambance su, domin marar kyau yakan yi sulɓi idan ya ɗumama, wani ma abin gugar ya ɓamɓare daga ƙarfensa. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba R90, wadda ta wajabta cewa fad ɗin da za a sayar a madadin na asali kada aikinsa ya kauce wa na asalin da fiye da kashi 15 cikin ɗari, ana buga lambar a jikin fad da kwalinsa, ko da yake mai jabu ma ya iya buga lamba, don haka amanar mai shago tana da muhimmanci. Ƙa'idar aiki ita ce a sauya na dama da na hagu tare, a sauya su tun abin gugar bai gaza milimita 3 ba, a wanke sandunan da kalifa ke zamewa a kansu a shafa musu man da ba ya cin roba. Shi ma dis yana da iyakar kaurin da aka buga a gefensa, kuma wanda aka yi ta kaiwa injin fiƙe har ya wuce wannan iyaka ya rasa ƙarfen da zai shanye zafi, ya zama mai saurin karkacewa da tsagewa. Ga bakanikai da yaransu kuma akwai gargaɗi na musamman: tsofaffin lainin da yawa suna ɗauke da asbesto, ma'adinin da ƙurarsa ke haddasa ciwon huhu da sankara bayan shekaru, saboda haka hure diram da baki ko da iskar kwamfaresa ganganci ne, da jiƙaƙƙen tsumma ake share shi.

Akwai wasu dabarun gefen hanya da suka zama ruwan dare har wasu suka ɗauke su gyara. Idan silindar ƙafa ɗaya tana zubar da mai, sai a toshe bututunta da ƙusa ko a matse shi, a bar mota da birki a ƙafa uku, wanda ke juya ta gefe a duk tsayawar gaggawa. Idan mai ya ƙare a daji, sai a dama ruwa da omo a zuba, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana sa masta da fistin tsatsa cikin ɗan lokaci. Wanda lalura ta tilasta masa irin wannan don ya fita daga jeji, wajibi ne ya lallaɓa a hankali zuwa gareji mafi kusa a wanke tsarin gaba ɗaya. Wanda kuwa ya ci gaba da lodin fasinja a haka, ya ɗauki alhakin rayukan da ba su san halin da motar take ciki ba.

Yanzu shirin ya iso ga sauye-sauyen da ke ƙara wa mota abin da ba ta fito da shi ba.

Mafi girman daraja a cikinsu shi ne sauya masta mai hanya ɗaya da mai hanya biyu. A motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960, da wasu da suka biyo baya a ƙasashen da doka ba ta tsananta ba, fistin ɗaya ne ke tura mai zuwa ƙafafu huɗu, ta yadda ɗigo a wuri guda yana kwashe birkin motar duka. Masta mai hanya biyu tana da fistin biyu a jere, kowane da nasa rabon tanki, ɗaya na gaba ɗaya na baya, ko kuma a gicciye, gaban dama da bayan hagu, gaban hagu da bayan dama, don in ɗaya ya zube ɗayan ya rage. Dokar Amurka ta wajabta wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1960, sauran ƙasashe suka bi sahu. Gane shi ba wuya: a duba ko tankin man birki a rabe yake biyu, kuma ko bututan da suka fita daga masta daga wurare biyu daban suka fito. Wannan sauyi ba ya sa mota ta tsaya da wuri ko da taku ɗaya, amma shi ne ke tsakanin raguwar birki da rashinsa gaba ɗaya, don haka duk motar da ba ta da shi ta cancanci a yi mata shi kafin komai.

Na biyu shi ne sauya diram na gaba da dis, kuma dalilinsa a fili yake. Idan aka taka birki, nauyin mota yana rinjaya gaba, ƙafafun gaba su danne ƙasa, na baya su yi sauƙi, shi ya sa na gaba ke yin kimanin kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye da haka a motar da injinta ke gaba. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauko kayan daga 'yar'uwar motar ta gida ɗaya. Misali, Volkswagen Beetle, wadda aka harhaɗa a Legas daga tsakiyar shekarun 1970, akasarinta diram gare ta a ƙafafu huɗu, amma kamfanin da kansa ya sa dis a gaban samfurin 1500 na Turai da kuma Karmann Ghia tun wajen 1967, don haka akwai kayan da aka auna, aka gwada, waɗanda ke shiga mazauninsu ba tare da yanka ko walda ba. Sai dai aikin bai tsaya ga ƙafa ba. Fistin ɗin kalifa ya fi na diram faɗi, yana shan mai da yawa, saboda haka faɗin masta dole ya dace da shi: idan ta yi ƙanƙanta feda za ta yi nisa har ta kusa taɓa ƙasa, idan ta yi girma feda za ta yi tauri amma matsin da ke isa ƙafa ya ragu. Haka kuma mastar diram takan ɗauki wani ƙaramin bawul da ke barin ɗan matsi a bututu bayan an ɗaga ƙafa, wanda diram ke buƙata, amma idan aka bar shi a hanyar dis sai fad ya riƙa gugar faifai kullum, ya yi zafi, ya cinye. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne a ɗauko kalifar wata mota daban a sa mai walda ya ƙirƙiro mata mazauni da ido, domin wannan mazauni shi ke ɗaukar duk ƙarfin tsayawa, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya karye.

Sauya diram na baya da dis kuwa, ga motar gida ko ta haya, da wuya ya biya kuɗinsa, kuma yana iya jawo haɗari. Idan ƙafafun gaba suka kulle, mota tana zamewa ne gaba sitiyari ya daina aiki, abin da ya isa tashin hankali, amma idan na baya suka riga kullewa, bayan motar ne ke juyowa gaba, ta yi katantanwa a tsakiyar titi, kuma direba kaɗan ne ke iya ceto ta. Don hana haka ne masana'anta ke sa bawul mai rage matsin da ke zuwa baya, kuma a motoci da yawa, musamman wagon da a-kori-kura, bawul ɗin yana haɗe da ƙafar baya ta wata sanda ko sifirin, yana auna yadda mota ta zauna: in ta yi lodi ya ƙara wa baya birki, in babu kaya ya rage. Wannan bawul yakan daskare da tsatsa, wasu bakanikai kuma sukan cire shi su haɗa bututu kai tsaye, sannan masu ƙara wa mota sifirin don ta ɗauki kaya suna sauya tsayinta ba tare da sun sake daidaita shi ba. Farfaɗo da wannan ƙaramin ƙarfe ya fi dis na baya amfani nesa ba kusa ba.

Sarbo, wato baƙin gangan nan da ke tsakanin feda da masta, yana amfani da zuƙar iska ta inji ya ninka ƙarfin ƙafar direba, a motar dizal kuwa wani famfo ne na daban ke samar masa da zuƙar. Ƙara shi ga motar da aka sa wa dis yana da amfani, domin dis ya fi diram buƙatar matsi. Gwada lafiyarsa abu ne da kowane direba zai iya: a kashe inji, a taka feda sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, a riƙe ta a tayar da mota, idan feda ta ɗan nutse to sarbo na aiki. Wannan gwaji yana nuna haɗarin wata ɗabi'a ta masu tattalin fetur, waɗanda ke kashe inji a gangare su bar mota ta gangara da kanta, domin bayan taka biyu ko uku zuƙar da ta rage ta ƙare, feda ta zama kamar an kafe ta.

Manyan faifai masu huda-huda da kalifa masu fenti ja sun fi kyau a ido fiye da amfani a titin gari, kuma faifan da aka huda ba bisa ƙa'ida ba yakan tsage daga bakin hudar. Abin da ke da amfani shi ne faifai mai ramin iska a tsakiya, idan akwai samfurin motar da ya fito da shi kuma rim zai ɗauke shi. ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa ta hanyar saki da kamawa sau da yawa cikin sakan, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1978, ba abin da ake dasa wa motar da ba ta zo da ita ba ne a gareji. Amma motar da ta zo da ita, cire ta ko kashe fitilarta don ɓoye matsala koma baya ne babba, domin sau da yawa laifin bai wuce datti ko tsinkewar waya a na'urar da ke auna juyin ƙafa ba, kuma a wasu motocin ita ce ke raba matsi tsakanin gaba da baya.

Duk ƙarfin da birki ya samu, taya ce ke miƙa shi ga ƙasa, kuma da zarar birki ya iya kulle ƙafa, to iyakar tsayawa ta koma hannun taya. Suɗaɗɗiyar taya ba ta iya korar ruwa a damina, tsohuwar taya kuwa, ko zanenta na nan, robarta ta bushe ta yi tauri. Dokar Turai ba ta yarda zurfin zane ya gaza milimita 1.6 ba, shekarun taya kuma suna rubuce a gefenta cikin lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne a kan tayoyin gwanjo saboda wannan dalili. Shakazoba da ta mutu ita ma tana barin ƙafa ta riƙa tsalle a kan gargada, kuma ƙafar da ke sama ba ta tsayar da komai.

Lodi da salon tuƙi suna iya rusa duk abin da aka gyara. Motar da aka tsara don mutum biyar, aka cusa mata tara, aka ɗaure buhuna a but da rufi, tana neman birki ya cinye zafin da ba a auna masa ba. A dogon gangare irin na Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, wanda ya yi ƙaurin suna wajen haɗurra, direban da ya kwantar da ƙafa a kan feda tun daga sama yana tara zafi ba tare da ya ba shi damar fita ba. Ƙa'idar ita ce a sauko da giyar da za a hau da ita, inji ya riƙe motar, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki ya huce, kuma da an ji warin ƙuna ko feda ta fara nisa a nemi wuri a tsaya.

Bayan kowane aikin birki, sabon fad da faifai suna buƙatar su zauna da juna, ta hanyar tsayawa matsakaiciya sau da dama a kan hanyar da babu cunkoso, tare da barin su su huce a tsakani, kuma a guji taka ta gaggawa a kilomitocin farko sai dole. Kafin mota ta bar gareji, mai ita ya taka feda da ƙarfi ya riƙe na rabin minti ya ga ko tana nutsewa a hankali, ya duba bayan kowace ƙafa ko akwai danshin mai, ya ja birkin hannu a kan tudu, sannan ya gwada tsayawa a fili ya ga ko motar na ja gefe. Ana kira ga masu motoci su nemi bakanike ya nuna musu kayan da ya cire da kwalin waɗanda ya sa, su rubuta ranar da aka sauya man birki su ajiye a cikin mota, ana kuma kira ga shugabannin tashoshi su hana lodi ga duk motar da aka san an toshe mata ƙafa.